'Yar Talaka Da Ƙofar Jami'a

'Yan'uwana matan aure, da ku 'yan makaranta masu karanta wannan fili, yau maganarmu a kan jami'a take, watau makarantar da babu wata bisanta. Sau da yawa in an ambaci jami'a a tsakar gida sai ki ji uwa ta ce, "Af, wannan ai sai 'ya'yan manya." To, bari mu duba mu gani ko haka abin yake.

Da fari dai mu san inda aka faro. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, amma maza kaɗai ake ɗauka. Sai a 1930 Gwamnati ta buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, su ma ƙananan makarantu ne. Lokacin da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, Arewa ba ta da ko sakandare ɗaya ta Gwamnati ta 'yan mata. Sai a 1956 aka buɗe ta Sarauniya Alsabatu a Ilori. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta soma a 1962, na Sakkwato da Maiduguri suka biyo a 1975, ta Bayero a Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Kun ga ashe rashin yawanmu a jami'a ba don ƙarancin basira ba ne. Wanda ya riga ka barci, ai dole ya riga ka tashi.

Saboda wannan rata ne aka yi wani tsari. A 1978 aka kafa hukumar JAMB don ta riƙa shirya jarrabawar shiga jami'a. Ƙa'idar da aka aza wa jami'o'in Gwamnatin Tarayya kuwa ita ce, in za a ɗauki ɗalibai 100, to 45 za a zaɓe su bisa ƙoƙarinsu kurum, ko daga ina suka fito. 35 kuma daga jihohin da ke kewaye da jami'ar. Sauran 20 ɗin an keɓe su don jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Yawancin jihohin Arewa suna cikin wannan kashi, da waɗansu na Kudu kamar Bayelsa da Ebonyi.

Wannan tsari ya yi amfani ƙwarai, amma akwai abin lura. Jiha yake dubawa. Ba ya tambaya ko mace ce ko namiji, ko uban mai kuɗi ne ko manomi. Saboda haka ɗan attajirin birni wanda ya yi makarantar kuɗi, da 'yar ƙauye wadda makarantarsu ba ta da malamin Lissafi, in jiharsu ɗaya, kujera guda suke nema. Wa kuke tsammani zai same ta? Kuma ba a ko duba yarinya sai ta ci darussa 5 da kyau a jarrabawar fita sakandare, galibi har da Turanci da Lissafi. Yarinyar da aka cire daga aji uku aka ɗora mata talla, ko an ajiye mata kujera 20 ba za ta zauna a ko ɗaya ba. Ashe mabuɗin ƙofar nan rabinsa yana hannun Gwamnati, rabi kuwa yana cikin ɗakunanmu.

Wadda ta gama sakandare amma sakamakonta bai kai ba, kada ta karai. Akwai makarantun share fage, kamar wadda Jami'ar Ahmadu Bello take da ita a Funtuwa, inda ake gyara wa ɗalibi abin da ya rasa. Akwai kuma jarrabawar IJMB, wadda in an ci ta ana iya shiga jami'a daga aji na biyu. Faɗuwa sau ɗaya ba ita ce ƙarshen tafiya ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi karya zuciyar iyaye. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a kan dokar ba ɗalibai rance, ta kafa asusun da ake kira NELFUND. Rance ne marar ruwa don ɗaliban manyan makarantun Gwamnati. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa jami'ar, aka kuma soma da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don guzuri. Ba a fara biya sai bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa. Amma fa bashi bashi ne, sai a zauna da maigida a yi shawara tukuna. Kada kuma a manta da hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, gama tata kyauta ce. Yarinya ta tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarta tun da wuri.

Masu naƙasa ma ba a bar su ba. Tun 2017 JAMB take shirya wa makafi jarrabawarsu dabam a waɗansu garuruwa, har da Kano. In kuna da yarinya makauniya mai hazaƙa, kada ku ɓoye ta a ƙurya.

Ku kuma da kuka riga kuka yi aure, ba a rufe muku hanya ba. Akwai Jami'ar Karatu Daga Gida, watau NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyoyi a jihohi. Mace tana ɗakinta tana karatu, ga girki ga raino, sai lokacin jarrabawa ta fita. Abin da take bukata shi ne yardar miji da ƙwazon kanta.

To, shiga jami'a wani abu ne, fita da digiri kuma wani abu ne dabam. Yarinyar da ba wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu takan sha wuya a shekarar farko. Ga Turancin malamai da sauri, ga ɗakin karatu cike da mutane, ga kunya ta hana ta tambaya. Wata kuma haihuwa ce za ta zo mata daidai da jarrabawa. Ku 'yan mata, kada ku ji kunyar neman yayyenku da suka riga ku, ku haɗa kai ku riƙa bitar darasi tare. In larura ta zo, a rubuta wa shugaban sashe takarda a nemi ɗage karatu. Kada a ɓace shiru, don wadda ta ɓace shiru kora ce ke biyo baya. Ku kuma iyaye da surukai, riƙe jariri na 'yan makonni ba ƙaramar gudummawa ba ce.

Kada wata ta ce mace ba ta kaiwa. Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin a 1985, ita ce mace ta farko da ta riƙe irin wannan matsayi a Nijeriya. Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i daga Jigawa ta zama Ministar Ilmi a 2010. Fatima Batul Mukhtar ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016. Dukansu daga aji ɗaya na firamare suka faro.

Mu tuna, kullum muna kuka in muka je asibiti ba mu sami likita mace ba. To, daga ina za ta fito in ba daga ɗakunanmu ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uwa ta rage wa 'yarta aikin dare ta bar ta da littafi. In an yi adashi, a cire na kuɗin jarrabawa kamar yadda ake cire na kayan ɗaki. In kuma maganar aure ta taso, a sa batun ci gaba da karatu tun ranar da manya suka zauna, don abin da aka faɗa gaban shaidu ya fi wuyar warwarewa.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, amin. Sai mako mai zuwa.