Yadda Ake Saita Tirela Ta Dace da Jirgin Ruwa

Jihar Minnesota ta Amurka tana da tafkuna sama da 11,000, kuma ƙananan jiragenta da yawa ba a ruwa suke kwana ba. A gida ake ajiye su, bisa ƙaramar tirela da mota ke ja. Ranar hutu magidanci ya ɗaura ta a bayan mota, ya nufi tafki, ya yi baya-baya har tayoyinta su shiga ruwa, jirgi ya sulale.

Sai dai tirela ba ta fitowa daga kamfani daidai da jirgin kowa. Kamar riga ce ta kanti, sai an kai ta wajen tela. Shi ya sa ake haɗa sassanta da noti, domin a kwance, a matsar, a sake ɗaurewa.

Da lissafin nauyi ake farawa, kuma a nan ne mutane da dama ke yin kuskure. Nauyin da kamfani ke rubutawa sau da yawa na gangar jirgin ne kawai. Sai an ƙara inji, da batir, da kayan kamun kifi, da fetur, wanda lita 100 kaɗai ta kai kusan kilo 75. Jimillar ce za a gwada da nauyin kayan da aka rubuta a jikin tirelar cewa za ta iya ɗauka.

Daga nan sai katakai biyu masu rufin kafet da jirgin ke kwanciya a kansu. Dole su bi siffar cikinsa, su taɓa shi tun daga farko har ƙarshe, kada su hau kan tudun layukan da ke ƙasansa. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne su kai har bangon baya, inda inji ke rataye, ko ma su ɗan zarce shi. Idan suka gaza, nauyin injin zai riƙa danna bayan jirgin a kowane ramin hanya, har ƙasansa ya lotsa. Jirgin faiba da ya lotsa haka ba ya tafiya daidai a ruwa, gyaransa kuma da tsada. Abin takaici ne a ga jirgi mai kyau ya lalace a kan titi saboda ratar da ba ta wuce tafin hannu ba.

Sai an gama da baya ake waiwayar gaba: a matso da sandar da ke ɗauke da na'urar jan igiya har ta tokari hancin jirgin, zoben ƙarfen hancin ya zauna a ƙarƙashin robar tokarin. Hakan ke hana jirgi hawowa kan mota idan aka taka birki da ƙarfi.

Saura nauyin da bakin tirela ke ɗora wa mota. Masu sana'ar suna so ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na jimillar kaya da tirela. Wato idan duka kilo 1,500 ne, a samu kilo 75 zuwa 150. In ya yi kaɗan, da an ƙara gudu tirela za ta fara wutsil-wutsil, ta yi dama ta yi hagu, har ta ƙwace motar daga hannun direba. In ya yi yawa, bayan mota ya durƙusa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Ga ƙaramin jirgi, sikelin gida ma ya isa awo. Maganin shi ne matsar da ƙarfen da ke riƙe tayoyi: a kai shi baya nauyin baki ya ƙaru, a kawo shi gaba ya ragu, kaɗan-kaɗan, ana yi ana sake aunawa.

Wuri ma yana da nasa sharaɗi. A jihar Florida, inda ruwan gishiri ke cin ƙarfe, an fi sayen tirelar alminiyam. Yawancin jihohi ba sa barin faɗin kaya ya wuce kimanin mita 2.6 sai da takardar izini. Minnesota kuwa dokarta ta tilasta a cire toshiyar magudanar jirgi, a kuma tsince ciyawar ruwa daga tirela kafin a hau titi, don kada a kwashi baƙin halittu daga wannan tafki zuwa wancan.