Ankon Biki Da Albashin Wata: Abin Da Wata Gwauruwa Ta Koya Mini A Coci

A watan Nuwamban bara na biya kuɗin anko sau uku cikin mako biyar. Na farko na auren 'yar shugabar sashenmu ne a ofis, na biyu na auren ɗan wani dattijon cocinmu, na uku kuma na jana'izar surukar wata ƙawata. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a mataki na 9. Ina zaune a Mararaba, kuma kullum da asuba nake bin cunkoson hanyar Nyanya zuwa Sakatariyar Tarayya. Da na haɗa kuɗin yadi da na tela da na mai ɗaura ɗankwali, sai na ga jimlar ta haura albashina na wata guda. Daga ƙungiyar tsimi da tanadi ta ofishinmu na ranto cikon, aka riƙa cire shi daga albashina har bayan Ista.

Ban ga laifin kaina ba a lokacin, domin kowa haka yake yi. Abin da ya faru ranar auren ɗan dattijon ne ya sa na sake tunani.

Benci na ƙarshe

Akwai wata gwauruwa a cocinmu da kowa ke kira Mama. Ita ke share majami'a kowace Asabar ba tare da an biya ta ba, kuma ita ta yi renon angon yana jariri, lokacin da mahaifiyarsa ke zuwa aiki. Ranar ɗaurin auren na hango ta a benci na ƙarshe, kusa da ƙofa, sanye da tsohon zanin Zumuntar Mata. Mu masu leshin anko an jera mu a gaba. A wurin liyafa ma haka aka yi: masu hidima suna duba tufar mutum kafin su miƙa masa abinci da ledar kyauta. Ba wanda ya umarce su da wulaƙanta kowa. An dai ce musu su fara da masu anko, su kuma suka bi umarni.

Kafin a yanka kek Mama ta tashi za ta tafi. Na bi ta har bakin titi, na ce, "Mama, ba za ki tsaya ki ci abinci ba?" Ta yi murmushi ta ce, "'Yata, ki koma wurin 'yan uwanki masu kaya. Ni na ga ɗana ya yi aure, ya ishe ni." Ta hau keke Napep ta tafi. Na tsaya cikin leshin da ban gama biya ba, kunya ta rufe ni.

A daren na buɗe sura ta biyu ta wasiƙar Yaƙub. Manzon ya kawo misalin mutum biyu da suka shigo taron masu bi, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu tsada, ɗaya matalauci cikin tsummoki. Aka ba na farko wurin zama mai kyau, aka bar na biyu a tsaye ko a ƙasa, kuma manzon ya kira wannan nuna bambanci da mugun hukunci. Na sha jin wa'azi a kan ayoyin tun ina makarantar Lahadi, amma ban taɓa zaton ni ce zan zauna a bencin gaba a cikin labarin ba.

Zanin mahaifiyata

Na tashi a Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna. A can aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu suka biyo baya, har garin ya zama cibiyar saƙa da buga atamfa a Arewa. Mahaifina ya yi aiki a ɗaya daga cikinsu. A zamanin, atamfar gida ce tufar yawancin mata, kuma ma'aikaci yana iya saya wa matarsa turmi ɗaya a Kirsimeti ba tare da ya ci bashi ba.

Mahaifiyata 'yar Zumuntar Mata ce ta ECWA. Duk wanda ya taɓa shiga cocin ECWA ko COCIN ko EYN ranar da mata ke jagorantar sujada ya san yadda suke fitowa: zani iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ana kaɗa tulu ana waƙa. Ta taɓa bayyana mini amfanin wannan zani. Ta ce idan suka ɗaura shi, ba mai iya bambance matar fasto da matar lebura, ko malamar asibiti da mai sayar da ƙosai. Zaninta ya yi shekaru tana wanke shi tana ninkewa a ƙasan akwati, kuma da shi ta je aure da suna da jana'iza ba iyaka.

Shi ma ankon biki da kyakkyawar manufa ya fara. Yarabawa suna kiransa aso ebi, wato tufar dangi, alamar cewa masu sanye da shi suna tare da mai hidima. Abin da ya canza shi ne, yanzu kowane biki da nasa yadin, ana sawa sau ɗaya a ajiye, domin hoton ya riga ya shiga Instagram da WhatsApp. A wasu bukukuwan ma akan fitar da anko kashi biyu, mai tsada na manyan baƙi da mai sauƙi na sauran jama'a. Tufar da aka ƙirƙiro domin ta daidaita mutane ta koma ma'aunin aljihunsu.

Lissafin da ba ma yi

Yawancin masaƙun Kakuri sun rufe tun shekarun 2000. Abin da muke saya yau a Kasuwar Wuse ko a Kantin Kwari na Kano galibi daga waje yake zuwa. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846. Shaddar da muke kira gezna daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya take. Mafi yawan atamfa mai sauƙin kuɗi kuwa daga China ake shigo da ita. Ma'anar wannan ita ce farashin ankonmu yana bin farashin dala.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo, kuɗin mota da na abinci da na yadi duk suka tashi tare. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Duk wadda ta yi cinikin leshi kwanan nan ta san yadi biyar na mai kyau yana iya cinye wannan adadi, tun kafin a je wurin tela.

A ofis kuma abin yana da wata fuska da ba kasafai ake faɗa ba. Idan darakta ko mai gidan da kake yi wa hidima zai aurar da 'ya, ba a tilasta wa kowa sayen anko, amma ana rubuta sunayen waɗanda suka saya. Ƙaramin ma'aikaci yana tsoron kada rashin sunansa ya zama abin tunawa ranar da za a zaɓi masu zuwa kwas ko masu tafiyar aiki. Ko tsoron yana da tushe ko ba shi da shi, yana fitar da kuɗi daga aljihu. Abokan aikina Musulmi sun shaida mini su ma haka suke fama, daga kamu zuwa dina zuwa walima, kowanne da kayansa.

Ado ba zunubi ba ne

Akwai masu wa'azin da ke ɗaukar duk wata kwalliya a matsayin son duniya. Ban yarda da su ba, kuma ban ga Littafi Mai Tsarki ya goyi bayansu ba. A littafin Fitowa sura 28, Allah da kansa ya ba da umarni a ɗinka wa Haruna tufafin firist masu daraja da kyan gani. Lidiya, wadda ta karɓi bishara a Filibi ta kuma sauki Bulus a gidanta, 'yar kasuwar shunayyan yadi ce, kayan masu hali a wancan zamani. Ina son atamfa mai kyau, ina kuma jin daɗin ganin 'yan matan cocinmu sun fito da sabon ɗinki ranar Kirsimeti. Telolin Abuja masu hazaƙa ne, kuma da wannan sana'a suke ciyar da iyali.

Gargaɗin da Bulus ya yi a 1 Timoti sura 2, da wanda Bitrus ya yi a wasiƙarsa ta fari sura 3, a fahimtata yana magana ne a kan inda mace ta ɗora darajarta. Mun saba karanta ayoyin a kan tsawon siket da faɗin wuyan riga, muna mantawa cewa dukansu sun ambaci zinariya da tufafi, Bulus ma ya ambaci tsadarsu. A cocinmu an sha mayar da yarinya gida saboda tsagar siket, amma ban taɓa jin an tambayi uwar biki dalilin da ya sa ta fitar da ankon da rabin ikilisiya ba za su iya saya ba.

Sai kuma batun bashi. Littafin Karin Magana sura 22 ya kwatanta mai cin bashi da bawan wanda ya ba shi. Na ɗanɗana hakan wata biyar. Duk ƙarshen wata idan saƙon banki ya shigo, kuɗin leshin da ke ninke a akwati ne farkon abin da ya fita. A watan Janairu na roƙi makarantar ɗana ta ƙara mini mako biyu. Baikona ma ya ragu. Mace ce ni da ke cewa tana dogara ga Allah, amma tsoron bakin mutane ne ya tsara mini kasafin kuɗina.

Abin da muka gwada

Na kai maganar taron Zumuntar Mata na ranar Alhamis, gabana yana faɗuwa, domin uwar angon tana zaune a wurin. Ban ambaci sunan Mama ba. Na faɗi bashina ne kawai. Aka yi shiru, sannan wata malamar firamare ta ce ita ma tana biyan na bikin Agusta. Wata ta ce ta ƙi zuwa aure biyu ta ce ba ta da lafiya, alhali kuɗin anko ne babu. Uwar angon ta yi kuka, ta ce ita ma ba son ranta ba ne, dangin amarya ne suka zaɓi yadin, ta ji kunyar cewa ya yi tsada.

Mun amince da abu uku. Duk bikin da za a yi a cocinmu, zanin Zumunta ya wadatar a matsayin anko ga kowace mace. Wadda ke son fitar da nata yadin tana iya yi, amma ba za a ware wurin zama ko abinci saboda shi ba. Sannan kowace shekara kafin Kirsimeti, kowa za ta kawo anko ɗaya da ta daina sawa, telolin cikinmu su gyara wa gwauraye da marayu. Mun ɗauki wannan daga Dokas ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9, wadda da ta rasu gwauraye suka kewaye Bitrus suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tun tana da rai.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wata ta ce muna so mu mayar da bikin 'yarta taron ƙauye, ta kuma kai liyafarta wani ɗakin taro a cikin gari, da ankonta kashi biyu. A ofis kuwa ba ni da ikon kafa doka. Abin da na iya shi ne, da aka kawo jerin sunaye na wani biki a watan Mayu, na sa gudunmawar da zan iya a ambulan, na kai wa mai bikin da hannuna, na ce, "Ranki ya daɗe, ba zan iya yadin ba a wannan karon, amma zan zo." Ta karɓa ta yi godiya. Na je da atamfar da nake da ita, aka zaunar da ni a tebur na baya, na ci abinci na dawo gida ba bashin kowa a kaina.

Ina roƙon manyanmu, daraktoci da masu riƙe da muƙamai, Kirista da Musulmi: kafin ku aika yadi ofis, ku tambayi nawa ne albashin masinja da na mai shara da na direban da zai kai ku wurin bikin. Kalma ɗaya daga bakinku, cewa kowa ya zo da abin da yake da shi, za ta sauke wa mutane da yawa nauyin wata da watanni.

Leshin nan na Nuwamba yana cikin kayan da na kai wa telolin Zumunta. An rage masa tsawo, aka ɗinka wa wata yarinya marainiya riga da siket. Mama kuwa har yanzu tana share majami'a ranar Asabar. A auren da aka yi a cocinmu watan jiya, ita da uwar amarya benci ɗaya suka zauna, dukansu cikin zanin Zumunta.