Rancen Shinkafa da Matan Kura

Ya ku 'yan kasuwa da dillalan Fagge da Sabon Gari, ga bayani. A shekarar 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi. Babban Banki ya ba da kuɗi, manomi ya noma, kamfanin casa ya karɓi shanshera a biya bashi. To a lokacin, rancen sai mai gona da asusun banki, mata kuwa yawancinsu gonar miji suke nomawa. Matan Kura masu turara shinkafa su ma sun ji a jika, don kamfani kan riga su sayen shanshera. Mu da muke sarin shinkafarsu, mu riƙa biyansu a kan lokaci, kada jarinsu ya karye.