Mai a sama, ruwa a ƙasa: Abin lura kafin sabon injin suya ya isa Ƙofar Wambai

Da la'asar sakaliya, ƙamshin suya ne ke fara tarbar mai wucewa ta Ƙofar Wambai, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar birnin Bauchi. An hura murhu, kasko ya ɗauki zafi: nan ƙosai, can doya da dankali, gaba kaɗan awara da kifi. Duk yarinyar da ta taso a gindin murhun mahaifiyarta ta haddace doka guda tun kafin ta iya juya matsami, wato ruwa da tafasasshen mai ba sa ga maciji da juna. Tabon da ke bayan hannun masu wannan sana'a ya isa shaida.

Sai ga shi masana'antu a Japan da Sin sun daɗe suna ƙera injin suya wanda da gangan ake zuba masa ruwa a ƙasa, mai a sama, kuma ana tallarsa a intanet da alƙawarin rage asarar mai. Ga ma'aikacin da ke tsara shirin tallafi, ko hadimin da aka ɗora wa sayen kayan sana'a domin rabawa a mazaɓa, akwai tambaya biyu: ta yaya abin yake aiki, kuma yaushe yake rikiɗewa ya zama bala'i?

Yadda yake aiki

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, ta man gyaɗa kuwa giram 920 ko ƙasa da haka kaɗan. Ba sa gauraya, saboda haka ruwa kan kwanta a ƙasa, mai ya hau kansa. Sirrin injin yana ga wurin da wuta take. Sandar da ke dumama shi, ta lantarki ce ko bututun gas, a cikin man aka gitta ta, can sama da ruwan. Mai idan ya yi zafi sama yake yi, kuma ba ya saurin miƙa zafi zuwa ƙasa. Don haka saman tukunyar kan kai digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas, zafin da suya ke buƙata, alhali inda mai ya haɗu da ruwa ana riƙe shi a wajen digiri 50, da taimakon fanka ko bututun sanyaya.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa leƙa gindin kasko bayan an tashi daga suya. Ɓurɓushin ƙullu da na doya da ke zubewa yakan kwanta daidai inda wuta ta fi ƙarfi, ya ƙone, ya baƙanta man, ya sa masa ɗaci. A cikin injin kuwa ɓurɓushin yakan nutse ya wuce man, ya faɗa ruwa mai sanyi inda ba zai ƙone ba. Idan an tashi, kuma komai ya huce, sai a buɗe famfon ƙasa a zubar da ruwan tare da dattinsa.

Aljihu da lafiya

Mai na cikin abubuwan da suka fi cin jarin mai suya, shi ya sa ba ta zubar da na jiya. Ƙari take yi a kansa. Amma zafi da iska da danshin abinci suna farfasa mai a hankali, har gurɓatattun sinadarai su taru a cikinsa. Alamominsa sanannu ne: yin duhu, yin kauri, kumfa, da hayaƙi tun kafin ya yi zafi sosai. Ƙasashe irin su Faransa da Sifaniya sun wajabta a zubar da man suya da zarar waɗannan sinadarai sun kai kashi 25 cikin 100.

Injin yana jinkirta wannan lalacewa, amma ba ya hana ta. Haka kuma ba ya maganin akrilamaid, sinadarin da masu bincike a Suwidin suka bayyana a 2002 cewa yana samuwa a abinci mai sitaci, irin su dankali, idan an soya shi da zafi mai yawa, wanda kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. A jikin abincin yake samuwa, ba a gindin tukunya ba. Maganinsa shi ne a kwashe suya tana ja, kafin ta yi baƙi.

Inda haɗarin yake

Ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma idan ya zama tururi yakan kumbura kusan ninki 1,700. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na ruwa zai ba da tururin da ya haura lita 8. Idan hakan ya faru a ƙarƙashin mai, tururin ba shi da mafita sai ya yi jifa da duk abin da ke kansa. Masu kashe gobara sun san wannan musiba a manyan tankunan mai. A watan Disamban 1982, a tashar lantarki ta Tacoa da ke Benezuwela, zafin wani tanki mai ci da wuta ya sauka har ya taɓa ruwan da ke kwance a gindinsa. Man ya yi ambaliya, mutane kusan 150 suka rasu, cikinsu har da 'yan kwana-kwana da 'yan jarida.

Abin tsoro na farko a unguwa irin Ƙofar Wambai shi ne kwaikwayo. Wata za ta ji an ce ruwa a ƙarƙashin mai yana hana shi baƙi, ta gwada a kaskonta. To, kasko daga ƙasa yake shan wuta, wato ruwan ne zai fara zafi. Idan tun da sanyi aka haɗa su, ruwan zai tafasa yana watsa mai ta ko'ina. Idan kuma a kan mai mai zafi aka zuba, man zai yi tsalle ya faɗa cikin garwashi, wuta ta tashi a inda yara ke tsaye da kwano suna jiran ƙosai.

Shi kansa injin yana da sharuɗɗa. Ruwa ba zai wuce layin da aka shata masa ba, don kada ya kusanci sandar wuta. Ba a ƙara masa ruwa, ba a jijjiga shi, ba a ɗaga shi matuƙar man bai huce ba. Wanda ke aiki da gas amma fankarsa ta dogara da lantarki yana da nasa tarko: idan aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gas kuwa yana ci, sai zafi ya fara gangarawa wajen ruwan, sai dai in an sa masa na'urar da ke kashe shi da kanta. Man da ke daskarewa da hunturu, kamar manja, bai dace da shi ba. Ruwan kuma dole a sauya shi kullum, domin ruwa mai ɗumi cike da ɓurɓushin abinci mazaunin ƙwayoyin cuta ne.

Kafin a sa hannu a takarda

Araha ba ta ado. Duk jami'in da takardar sayen irin wannan inji ta zo teburinsa, ya nemi shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON: takardar SONCAP ga wanda aka shigo da shi, ta MANCAP ga ƙirar gida. Ya tabbatar akwai ma'aunin zafi biyu, ɗaya a cikin mai, ɗaya a mahaɗar mai da ruwa, da tagar gilashi da ke nuna tsayin ruwan. Ya tambayi wutar da injin ke ci, domin na lantarki kan ja kilowat da yawa, fiye da ƙarfin ƙaramin janareta. Ya bincika ko akwai mai gyara da kayan gyara a Bauchi. Sannan ya sa kuɗin horo da Hausa a cikin kasafin, ba takardar bayani da Turanci ko Sinanci kaɗai ba.

Horon nan ya kamata ya haɗa da abin da zai amfani kowa, mai inji da mai kasko. Idan mai ya kama da wuta, a kashe gas ko a janye itace, a kife murfin ƙarfe a kai, a bar shi ya huce. Kada a kuskura a watsa ruwa, kada a ɗauki kaskon a ruga da shi. Wanda ya ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba, sannan a garzaya asibiti.

Dokar da uwa ta koya wa 'yarta a gindin murhu tana nan daram. Injin bai rushe ta ba. Nisanta ruwa da wuta kawai ya yi, ya sa na'ura tana gadin tsakaninsu. Ranar da mai gadin ya gaza, hannun da ke riƙe da matsami ne zai fara biya, ba wanda ya sa hannu a takarda a Abuja ba.