Yadda gadon wasu mamata ke komawa hannun gwamnatin Birtaniya

A Ingila da Wales, idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, kuma ba a san danginsa ba, dukiyarsa kan koma baitulmalin gwamnati. Sashen da ke kula da wannan aiki ana kiransa Bona Vacantia, kalmar Latin mai nufin dukiyar da ba ta da mai ita.

Sashen ya shafe shekaru yana wallafa sunayen irin waɗannan mamata a intanet, tare da rana da wurin rasuwarsu. A cikinsu har da waɗanda aka haifa a Najeriya da Ghana, suka je ci-rani ko karatu, zumunci ya yanke.

Wa ke da haƙƙi?

Dokar gado ta 1925 ta fara da miji ko mata da 'ya'ya, sai iyaye, sai 'yan'uwa na ciki ɗaya, sai waɗanda aka haɗa uwa ko uba kaɗai, sannan kakanni, sai su kawu da baffa da gwaggo da inna ko zuriyarsu.

Akwai kuma wa'adi. Wanda ya zo cikin shekara 12 da kammala lissafin dukiyar zai karɓa har da kuɗin ruwa. Bayan shekara 30 da rasuwar, ƙofa ta rufe.

Hujja ita ce takarda

Cewa "kawuna ne" ba ta wadatarwa. Sai mai nema ya kawo jadawalin zuriya da takardun haihuwa, aure da mutuwa da suka haɗa shi da mamacin. A nan iyalai da yawa a Afirka kan maƙale, domin an haifi kakanninsu babu rajista, kuma suna ɗaya kan zo da rubutu iri-iri.

Akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce bin diddigin magada, suna yankar kasonsu idan an dace. 'Yan damfara ma ba a bar su a baya ba: a Yulin 2025 gwamnati ta sauke jerin sunayen daga intanet bayan binciken BBC ya bankaɗo masu ƙirƙiro wasiyyar bogi.

Shigar da buƙata a sashen kyauta ne. Saboda haka saƙon da ya ce a turo kuɗi kafin a saki gado abin zargi ne. Abin da zai amfani iyali shi ne adana tsofaffin fasfo da wasiƙu, da rubuta sunayen zuriya tun dattawan gida suna raye.