Hanyoyin da ke ɗaure ofisoshin tarayya da Abuja, da inda kowacce ke tsinkewa

A ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Nan take manhajojin bankuna a Najeriya suka fara tafiyar hawainiya, wasu suka tsaya cik. Ma'aikatun da ke tutiyar suna da kamfanonin sadarwa biyu, ɗaya madadin ɗaya, sun ga abin da ba su zata ba: ashe dukkan biyun a ruwa ɗaya suke iyo.

Kwamfutocin da ke cikin gini guda ba su da wahalar haɗawa. Aiki yana nan ne idan za a haɗa hedikwata a Abuja da reshenta na Kalaba ko Maiduguri, domin tsarin biyan albashi na IPPIS ko na kashe kuɗi na GIFMIS ya yi aiki. Wannan doguwar haɗaka masana ke kira WAN, kuma hanyoyinta ba iri ɗaya ba ne.

Mafi daraja ita ce layin haya keɓantacce, galibi a kan wayar faiba, zaren gilashi mai kaurin gashin kai wanda haske ke bi ya ɗauki saƙo. Ma'aikata ke biyan kuɗinsa ita kaɗai, babu mai raba mata gudu, kuma aikawa da saukewa ƙarfinsu ɗaya. Sai dai tsada. Babban abokin gabarsa kuwa motar haƙa ce. Duk inda ake faɗaɗa titi ko gina magudanar ruwa, faiba na cikin haɗari, ga kuma masu tono da fatan samun tagulla, su tarar da gilashi bayan sun riga sun yanke. Akwai kuma kuɗin izinin haƙa, wanda aka amince ya tsaya a naira 145 kan kowace mita. Wasu jihohi sun yafe shi, wasu na karɓar fiye da haka, shi ya sa wayar ke isa wani gari ta tsallake wani.

Wanda bai iya hayar layi zuwa kowane reshe ba, sai ya shiga tsarin MPLS. A nan kamfani ɗaya ke ɗaukar saƙonnin abokan hulɗa da yawa a kan wayoyinsa, yana liƙa wa na kowa tambari don kada su cakuɗe, yana kuma iya fifita taron bidiyo a kan wasiƙun imel. Kamfanin Galaxy Backbone, da gwamnatin tarayya ta kafa a 2006, an ɗora masa nauyin haɗa ma'aikatu a kan hanyar sadarwa guda. Mafi araha duka ita ce VPN, wato rufaffiyar hanya da ake buɗewa a cikin intanet na kowa da kowa. Tana ɓoye sirri, amma ba ta yi wa kowa alkawarin gudu.

Inda waya ba ta kai ba, iska ke ɗaukar kaya. Faifan nan da ake gani maƙale a jikin turakun sadarwa suna harba wa juna sigina ne kai-tsaye, kuma dole su riƙa hango juna. Sabon bene mai tsawo a tsakani ya isa ya katse su, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana raunana su.

Tauraron ɗan'adam shi ne gatan ofisoshin kan iyaka da na karkara. NigComSat-1R, da aka harba daga ƙasar Sin a Disamban 2011, yana shawagi a nisan kilomita kusan 36,000, don haka saƙo kan ci fiye da rabin daƙiƙa kafin amsarsa ta dawo. Rabin daƙiƙa ba komai ba ne a hira, amma manhajar da ke neman amsa sau ɗari kafin ta buɗe shafi ɗaya, sai ma'aikaci ya yi tagumi. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, taurarinsa na kewayawa a kilomita kusan 550, jinkirin ya ragu ainun. Tambayar da ta rage ita ce ta amana: shin bayanan gwamnati su bi ta hannun kamfanin waje?

A ganina, kuskuren da ya fi yawa wajen ba da kwangila shi ne tambayar gudu kawai. Kamfanoni biyu na iya hayar zare daga waya ɗaya, ko su binne nasu a rami ɗaya gefen titi ɗaya, sai haƙa guda ta kashe su tare. Jami'in da ke rubuta wa babban sakatare takardar neman amincewa ya kamata ya nemi taswirar inda kowace waya ta bi, da sa'o'in gyara da kamfani ya sa wa hannu, sannan madadin ya zama na wani jinsi dabam: faiba a ƙasa, tauraro ko 4G a sama.

A watan Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin ƙara kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasar. Kafin wayar ta isa kowace ƙaramar hukuma, reshe da yawa zai ci gaba da dogara da faifan da ke kan rufinsa.