Tsohuwar Tarakta da Haƙoran Giya: Darasi Daga Kamba

Duk wanda ya san ƙasar Dandi da Bagudo ya san cewa noman shinkafa a fadamun Kogin Kwara ba ya jiran kowa. Idan ruwa ya sauka, kwanakin huɗa ƙidayayyu ne, kuma taraktar da ta tsaya mako biyu saboda haƙorin giya guda ta ja wa manoma da yawa asarar damina. Wannan ne ya sa nake ganin tambayar da makanikan Kamba ke yi kullum, wato ko giyar wannan tarakta za ta shiga waccan, tambaya ce ta abinci kafin ta zama ta ƙarfe.

Mu ɗauki Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964. Ta gaji MF 35, ita kuma MF 240 ta gaje ta, har yau kamfanin Millat na Pakistan yana ƙera 240 ɗin da lasisi. Da 135 mai shan gas da 240 duk injin Perkins mai silinda uku suke ɗauke da shi, kuma tsarin jikinsu na gida ɗaya ne. Saboda haka ne taraktar da ta haura shekara hamsin take samun kayan gyara sabbi, ko na kwance daga 'yar'uwarta da ta mutu. Masana'antar Coventry ta Ingila da ta haife ta ta rufe tuni, amma zuriyar tana nan tana huɗa.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A cikin gidan nan akwai akwatin giya mai gudu shida gaba biyu baya, akwai mai takwas gaba biyu baya, akwai kuma Multi-Power mai goma sha biyu gaba huɗu baya, wanda ke aiki da matsin mai. Sanduna biyu kan yi tsawo ɗaya amma tsagin bakinsu ya bambanta. Famfon haidirolik, alal misali, akwai mai tsagi 10 akwai mai 21. Babban haƙorin baya da ƙaramin da ke juya shi tare ake canza su, domin sabo ba ya zama lafiya da tsohon da ya riga ya ci. Wanda ya tilasta wa ƙarfe shiga da guduma zai ga tarakta ta tashi yau, bayan 'yan makonni kuma ya tarar da garin ƙarfe a cikin mai. Gogaggen makanike yakan duba lambar jikin tarakta, ya ƙirga haƙora da tsagi, kafin ya tura yaro kasuwa.

Zaman iyaka yana ƙara wa batun nauyi. Kamba na maƙwabtaka da Gaya ta Nijar, Malanbil ta Benin ba ta da nisa, Bagudo kuma ta jingina da Benin ta wajen Illo da Lolo. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, duk mai dogaro da kayan ƙetare ya gane cewa taraktar da ke da dangi a kusa ta fi baƙuwa kwanciyar hankali.

A nan nake da magana da masu sayo wa jama'a taraktoci. Mun ga zamanin Steyr da ake haɗawa a Bauchi da Fiat a Kano, bayansu kuma kowace gwamnati da samfurin da take kawowa. Tarakta goma daga kamfani biyar, idan suka tsufa, marayu goma ne. Goma daga gida ɗaya kuwa, ko biyu sun mutu, kayansu za su raya takwas. Jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a cikinta a Nuwamban 2015 ta cancanci a yi mata wannan lissafi kafin a sa hannu a kwangila.

Mu ma malaman jami'a da aiki a gabanmu. Sanin abin da ke shiga wane yana cikin kawunan dattawan gareji, kuma ba a rubuce yake ba. Ɗaliban injiniya na jami'ar Aliero da na kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi za su iya zama da su, su auna, su ƙirga, su fitar da jadawali cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a liƙa a kowane gareji daga Kamba zuwa Ka'oje. Kuɗin wannan aiki bai kai na taya ɗaya ta baya ba.